Binciken walda a bututun mai da iskar gas: ƙa'idoji, gwaje-gwaje da abin da suka shafi mazauna N'Djamena

Bututun ƙarfe da ke ɗaukar fetur, gas ko ɗanyen mai ba a ƙera shi da tsawo ɗaya. Yana fitowa daga masana'anta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kimanin mita 12, sai 'yan walda su haɗa su ɗaya bayan ɗaya a wurin aiki. Jikin bututun an gwada shi a masana'anta cikin inuwa da natsuwa. Mahaɗar kuwa hannun mutum ne ya yi ta, a cikin rami, a rana ko a ƙura. Shi ya sa ƙa'idojin duniya suka fi tsananta bincike a kan mahaɗa, kuma ba su yarda a saki mai ko gas cikin bututu ba sai an tabbatar da ingancin waldarsa ta hanyoyin da aka rubuta.

Wannan bayani ya tattara manyan ƙa'idojin, da hanyoyin gwajin, da yadda suka shafi unguwanni irin su Gassi, a gunduma ta 7 ta birnin N'Djamena, inda gidaje da ma'aikatu ke ƙaruwa a gaɓar kogin Chari.

Bututun da ke yankin

Chadi ta shiga sahun ƙasashe masu fitar da mai a 2003, lokacin da aka buɗe bututun da ya taso daga yankin Doba zuwa gaɓar teku a Kribi ta ƙasar Kamaru. Tsawonsa kilomita 1,070 ne, faɗinsa inci 30, kuma a binne yake. Kamfanin TOTCO ke kula da ɓangaren Chadi, COTCO kuma ɓangaren Kamaru. Idan aka raba wannan tsawo da mita 12, za a samu mahaɗa wajen 89,000. Ɗaya daga cikinsu ta isa ta tsayar da aikin baki ɗaya idan ta fashe.

A watan Yunin 2011 aka buɗe matatar mai ta Djermaya, kimanin kilomita 40 arewa da N'Djamena, wadda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikinta, gwamnatin Chadi kashi 40. An tsara ta ne ta tace ganga 20,000 a rana, kuma ɗanyen man yana zuwa mata daga rijiyoyin yankin Bongor ta bututu mai tsawon kilomita 311. A shekarar ce kuma Nijar ta buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, da bututu daga Agadem. A 2024 aka fara lodin ɗanyen man Nijar a tashar Sèmè ta Jamhuriyar Benin, bayan kammala bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000. A Najeriya, an ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614, a 2020.

Chadi ta taɓa ɗanɗana asarar aikin da bai cika ƙa'ida ba. A farkon shekarun 2000 an shimfiɗa bututu mai tsawon sama da kilomita 300 daga rijiyoyin Sedigi, a arewacin tafkin Chadi, zuwa N'Djamena. An samu cewa ingancinsa bai kai ma'aunin da ake buƙata ba, kuma aikin da aka yi shi dominsa ya tsaya shekara da shekaru.

A cikin gari kuwa, bututun da suka fi kusa da jama'a gajeru ne: waɗanda ke tsakanin tankin ƙarƙashin ƙasa da famfon gidan mai, na wuraren ɗura tukwanen gas, na tankunan man janareta a ma'aikatu, asibitoci da otal-otal. Tun da gwamnati ta hana sayar da gawayi a N'Djamena a 2009, amfani da gas ɗin girki ya yaɗu, wuraren ajiyarsa da sayar da shi suka shiga unguwanni.

Me ya sa ƙaramin yoyo ke da haɗari

Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin watan Afrilu na N'Djamena da ke haura digiri 40. Gas ɗin girki nau'in butan yana kamawa idan yawansa a iska ya kai kusan kashi 2 cikin 100, kuma ya ninka iska nauyi kusan sau biyu. Saboda haka ba ya tashi sama ya watse. Yana bin ƙasa ne ya taru a kwata, a rami ko a ɗakin da ke ƙasa, har ya gamu da tartsatsi. Lita ɗaya ta ruwan gas idan ta kuɓuce tana zama kimanin lita 250 ta tururi.

Misalin da masana ke yawan kawowa shi ne na San Bruno a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ranar 9 ga Satumban 2010 bututun gas mai faɗin inci 30 ya fashe a tsakiyar unguwa, mutum 8 suka mutu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa an saka bututun ne a 1956, kuma akwai wani yanki da waldarsa ba ta ratsa kaurin ƙarfen duka ba. Aibin ya kwana a ƙarƙashin ƙasa shekara 54 kafin ya bayyana.

Ƙa'idojin da ake aiki da su

Manyan kwangilolin mai a yankin suna dogara ne da rukunin ƙa'idoji biyu. Na Amurka sun haɗa da API 1104, wadda ta shafi waldar dogayen bututu, ASME B31.4 ta bututun ruwan mai, ASME B31.8 ta bututun gas. Da ASME B31.3 ta bututun da ke cikin matata da ma'ajiyar mai. Na ƙungiyar ISO, waɗanda ƙasashe masu amfani da Faransanci suka fi sabawa da su, sun haɗa da ISO 9606 ta jarrabawar mai walda, ISO 15614 ta tabbatar da tsarin walda, ISO 5817 da ta kasa ingancin walda mataki uku, B da C da D, inda B ta fi tsanani, sai ISO 9712 ta shaidar masu gwaji. Kamfanonin Faransa kuma suna da kundinsu na bututun masana'antu mai suna CODETI.

A Chadi, hukumar ARSAT ce ke sa ido a kan harkar tacewa, ajiya da rarraba mai, ATNOR ke kula da ma'aunai, ATRSN kuma ke da alhakin duk abin da ya shafi sinadarai masu fitar da burbushin nukiliya, ciki har da waɗanda ake ɗaukar hoton walda da su. A Najeriya hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke riƙe da irin aikin ARSAT. Kwangila ce ke fayyace ƙa'idar da za a bi a kowane aiki, kuma wajibi ne a rubuta ta tun kafin a kunna injin walda.

Kafin a fara: tsari da mutum

Bincike yana farawa ne daga takarda. Ana rubuta tsarin walda, wanda a Faransanci ake kira DMOS, a bayyana nau'in ƙarfe da kaurinsa, irin sandar walda, wato baget kamar yadda ake ce mata a Chadi da Nijar, ƙarfin wuta, yawan shimfiɗa, da zafin da za a ɗumama ƙarfen kafin a fara. Sai a yi waldar gwaji da wannan tsari, a yanka ta, a ja wani yanki har ya tsinke, a lanƙwasa wani, a duba ko zai tsage. Idan ta tsallake, sakamakon shi ne takardar QMOS. Sauya nau'in ƙarfe ko nau'in baget yana iya tilasta a sake gwajin daga farko.

Shi ma mai walda sai ya ci jarrabawa. Yana haɗa bututu a gaban mai bincike, a yanayin da zai yi aiki a kai. Mafi wuya shi ne wanda ake kira 6G, inda ake kafe bututun a karkace da digiri 45 ba tare da an juya shi ba, ta yadda dole ya yi walda ta sama, ta gefe da ta ƙasa. Shaidar ba ta dindindin ba ce. Idan ya yi wata shida bai yi aiki da wannan hanyar walda ba, ta faɗi. Kowane mai walda yana da lamba da ake rubutawa kusa da mahaɗar da ya yi, domin idan aka ga aibi a san hannun wa ya fito.

Gwanintar ƙera ƙofa, taga ko gadon ƙarfe ba ta wadatar a nan. Ƙofa nauyinta kawai take ɗauka. Bututu yana riƙe matsi dare da rana, kuma ramin da bai kai tsinin allura ba ya isa ya zama mafarin gobara.

Aibobin da ake nema

Akwai rashin ratsawa, inda narkakken ƙarfe bai kai ƙasan mahaɗa ba. Akwai rashin mannewa, inda ƙarfen waldar ya kwanta a kan bututun ba tare da sun narke sun zama ɗaya ba. Akwai ƙananan ramukan iska da suka maƙale a ciki, da dattin baget da ba a kankare ba kafin a ɗora wata shimfiɗa, da zaizayar gefe inda wuta ta ci bakin bututun ta rage kaurinsa. Mafi muni ita ce tsaga. Ƙa'idojin suna lamuntar ƙananan ramuka da ɗan datti har zuwa wani ma'auni da aka ƙayyade, amma tsaga kusan ba a lamuntarta ko kaɗan, domin tana ƙara tsawo duk lokacin da matsi ya hau ya sauka.

Yanayin yankin Sahel yana da hannu a wasu daga cikin waɗannan aibobi. Iskar hunturu tana kore hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe, ramuka su shiga, shi ya sa ake kafa rumfa a kan mahaɗa. Da damina, baget nau'in E7018 yana tsotsar laima idan aka bar kwalinsa a buɗe, laimar kuma tana shigar da sinadarin haidurojin cikin waldar. Wannan yana haifar da tsagar da ba ta fitowa nan take, sai bayan awoyi. Saboda haka ake ajiye irin wannan baget a tanda mai ɗumi, kuma a ƙarfe mai kauri ko mai tauri akan jinkirta gwajin ƙarshe da kwana ɗaya zuwa biyu. Janareta mai wutar da ke hawa da sauka shi ma yana ɓata aiki. Bayan an binne bututu, ƙasar laka da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, da ambaliya irin wadda kogunan Chari da Logone suka yi a 2022 da 2024, suna motsa shi, kuma mahaɗa mai rauni ce ke fara sakewa.

Hanyoyin gwaji ba tare da an lalata bututu ba

Na farko shi ne duba da ido. Ƙa'idar ISO 17637 ta ce hasken wurin kada ya gaza luks 350, idon mai dubawa kuma kada ya wuce santimita 60 daga waldar. Yana duba daidaituwar bakunan bututun kafin a haɗa, shimfiɗar farko, da siffar waldar bayan an gama, yana aunawa da ƙaramin ma'auni. Wannan gwaji ya fi kowane araha kuma yana kama aibobi da yawa, amma iyakarsa abin da ke waje.

Na biyu shi ne gwajin jan rini, ressuage a Faransanci. Ana wanke waldar, a fesa mata jan ruwa mai ratsa ƙananan kafofi, a jira mintuna, a goge, sannan a fesa farin gari. Inda akwai tsaga, jan ruwan da ya shige yana fitowa ya zana ta a kan farin. Yana nuna aibin da ya buɗe a saman ƙarfe kawai.

Na uku shi ne gwajin maganaɗisu. Ana ɗora maganaɗisu a gefen waldar, a yayyafa garin ƙarfe, garin ya taru a kan tsaga ko da tana ɗan ƙarƙashin fata. Yana aiki ne a ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa kaɗai.

Na huɗu shi ne hoton ciki, kamar wanda ake ɗaukar ƙashi a asibiti. Ana naɗa fim a mahaɗar, a haska ta da na'urar eksire ko da ƙwayar iridiyom 192, sai ramuka da datti su fito baƙi-baƙi a fim ɗin. Amfaninsa shi ne yana barin shaida da za a iya ajiyewa a sake dubawa. Haɗarinsa kuma babba ne, domin haskensa yana ƙona jiki ba tare da an gan shi ko an ji shi ba. Dole a kewaye wurin da igiya da alamu, masu aikin su ɗaura na'urar auna haske, kuma akan yi shi da dare lokacin da babu jama'a. Wanda ya tsinci wani ɗan ƙarfe ko akwati mai alamar fuka-fuki uku kusa da wurin aikin bututu, kada ya taɓa shi, ya sanar da hukuma.

Na biyar shi ne gwajin amsa-kuwwa, ultrasons a Faransanci. Na'ura tana tura sautin da kunne ba ya ji cikin ƙarfen, idan ya ci karo da tsaga ya dawo ya bayyana a allo. Ya fi hoto iya gano tsaga da rashin mannewa, yana nuna zurfin aibin, kuma ba ya cutar da kowa. A manyan bututu na zamani ana amfani da na'urar da ke zagaya mahaɗar da kanta tana adana sakamakon a kwamfuta.

Masu yin waɗannan gwaje-gwaje suna da matakai uku a ƙa'idar ISO 9712. Mai mataki na 1 yana aiki ne a ƙarƙashin kulawa, mai mataki na 2 yana fassara sakamako ya sa hannu, mai mataki na 3 yana tsara hanyar gwajin. Ana sabunta shaidar duk shekara biyar, ana gwada idonsu kowace shekara.

Mahaɗa nawa ake gwadawa

Adadin ya danganta da abin da bututun ke ɗauka da kuma yawan mutanen da ke zaune kusa da shi. A cikin matata ko ma'ajiya, ASME B31.3 ta ce a aikin yau da kullum a ɗauki hoton aƙalla kashi 5 cikin 100 na mahaɗan, a zaɓe su ba tare da sanin mai walda ba, kuma aikin kowane mai walda ya shiga ciki. Inda matsi ke yawan hawa da sauka da ƙarfi, ana gwada dukkansu. Idan mahaɗa ɗaya ta faɗi, sai a ƙara gwada biyu na mutumin da ya yi ta. Idan ɗaya daga cikinsu ta sake faɗuwa, a ƙara wasu biyu. Idan aka ci gaba da samun aibi, a gwada ko a sake dukkan aikin da ya yi a wannan rukuni.

A dogon bututun ruwan mai, ASME B31.4 ta sa mafi ƙaranci kashi 10 cikin 100 na waldar kowace rana. Amma a inda mutane ke zaune, da inda bututu ya ƙetare kogi, hanyar mota ko ta jirgin ƙasa, ana gwada kowace mahaɗa. A bututun gas, ASME B31.8 ta kasa wurare aji huɗu gwargwadon yawan gine-gine: kashi 10 a daji, 15 a bakin gari, 40 a unguwannin zama, 75 a inda benaye da cunkoso suka yi yawa.

Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga birni mai faɗaɗa da sauri. Gassi a da bakin gari ce. Yau ginin majalisar dokokin ƙasa yana can, gidaje kuma sun cike filayen da ke kewaye. Tanki ko bututun da aka kafa lokacin da wuri yake fili yana iya wayar gari a tsakiyar jama'a, alhali an gwada shi ne da ma'aunin daji. Ƙa'idar bututun gas ta tanadi cewa idan ajin wuri ya sauya, sai a sake nazari, a rage matsi, a sake gwaji ko a sauya bututun.

Gwajin matsi da ruwa

Bayan an gama duba mahaɗai, ana cika bututun da ruwa, a fitar da iskar ciki, a matsa shi fiye da yadda zai yi aiki. A cikin matata matsin gwaji ya ninka wanda aka tsara sau ɗaya da rabi: bututun da aka tsara wa bar 10 ana kai shi bar 15, a riƙe aƙalla minti 10, a bi kowace mahaɗa ana dubawa kafin a rufe ta. A dogon bututun mai ana ƙara kashi 25 cikin 100, a riƙe aƙalla awa huɗu. Ana rubuta zafin wurin tare da matsin, domin rana tana kumbura ruwan da ke kulle, matsi ya hau ya ɓoye yoyo.

Ana fifita ruwa ne saboda ba ya matsuwa. Idan bututu ya fashe da ruwa a ciki, matsin yana faɗuwa nan take. Iska ko naitirojin da aka matse kuwa tana tara ƙarfi kamar bam, don haka ba a gwaji da ita sai da larura, da ƙaramin matsi, bayan an nisantar da mutane. A ƙananan bututun gas na gidaje da shaguna, ana shafa ruwan sabulu a mahaɗa a duba kumfa. Ba a neman yoyo da ashana. Mahaɗar ƙarshe da ke haɗa sabon bututu da tsoho, wadda gwajin ruwa ba ya kaiwa gare ta, ana gwada ta duka da hoto ko amsa-kuwwa.

Gyara da takardun aiki

Waldar da ta faɗi ana kankare aibinta da injin goge ƙarfe, a sake ta da tsarin gyara da aka amince da shi, a kuma maimaita gwajin da ya kama ta. Yawancin kwangiloli suna iyakance sau nawa za a gyara wuri ɗaya, bayan haka sai a yanke mahaɗar gaba ɗaya.

Gyaran bututu ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai ya fi sabon aiki haɗari. Tankin da aka zazzage ya fi cikakke saurin fashewa, domin tururi da iska sun cakuɗu a cikinsa. Kafin a kusanto da wuta dole a raba shi da sauran layi, a wanke, a kore tururin da ruwa ko naitirojin, a auna da na'urar gano gas, sannan mai alhakin wurin ya ba da rubutaccen izini. Sansanawa da hanci ba gwaji ba ne.

A ƙarshen aiki, ɗan kwangila yana miƙa wa mai wurin kundin da ya ƙunshi shaidar ƙarfen daga masana'anta, DMOS da QMOS, shaidar kowane mai walda, taswirar da ta ba kowace mahaɗa lamba, rahotannin gwaji da sa hannun mai mataki na 2, da takardar gwajin matsi mai ɗauke da rana, awa da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Mai gidan mai ko mai wurin ɗura gas da ya karɓi aiki ba tare da wannan kundi ba, ba shi da hujjar da zai nuna wa hukuma ko kamfanin inshora ranar da aka samu matsala. Maƙwabta da shugabannin unguwa su ma suna iya tambayar hukumar gunduma ko an yi waɗannan gwaje-gwaje kafin a buɗe wuri. Ga matasa 'yan walda da ke neman aiki a Djermaya, Damagaram ko layin Kano, shaidar 6G mai rai ita ce abin da kamfanoni ke fara tambaya.